Gina ɗaki a cikin tabarau: jagorar tsara allon umarni a duniyar kwaikwayo

Ranar da na fara ɗaura wa wani dattijo manomin fadama tabaran nan na kwamfuta da ke saka mutum cikin duniyar kwaikwayo, wato VR, bai cika minti uku da su ba. Mun gina masa 'yar gona ta kwaikwayo, da injin ban-ruwa a bakin rijiya, don koyon yadda ake tayar da inji da kula da shi. Hoton ya yi kyau, har da kunyoyin albasa. Sai dai rubutun umarnin a gaban idonsa na liƙa shi, duk inda ya juya rubutun na biye da shi. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Yaro, cire mini wanga abu, kaina na juyawa." Na ce, "To Baba, yi haƙuri." Ya zauna a tabarma ya daɗe bai ce uffan ba. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin ya baro aikinsa ne saboda ya yarda da mu.

A waya ko kwamfuta, abin da mutum zai kalla daga waje kake zanawa. A tabarau kuwa ɗaki kake ginawa ka saka shi a ciki, saboda haka ma'auninka jikinsa ne: wuyansa, idonsa, kunnensa, tsawon hannunsa. Magini idan zai yanke ƙofar zaure tsawon maigida yake dubawa, har da rawani in mai naɗi ne. Tun tabaran farko da Ivan Sutherland ya haɗa a jami'ar Harvard ta Amurka a 1968, wanda sai da aka rataye shi a rufin ɗaki, har zuwa bayan da Facebook ya sayi kamfanin tabarau na Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2, jikin ɗan Adam bai sauya ba. Na'urar ce kawai ta yi sauƙi. Matakan da ke ƙasa su nake bi yanzu, kuma zan ci gaba da misalin injin ban-ruwan nan.

Mataki na farko: wa zai saka, a ina, da wane tabarau

Rubuta jimla guda kafin komai. Tawa ita ce: manomi, a zaune ko a tsaye, zai duba baƙin mai, ya cika kan famfo da ruwa, ya buɗe fetur, ya rufe makullin iska, ya ja igiya. Duk maɓallin da bai taimaki wannan jimla ba, ba shi da wuri.

Sannan ka san na'urarka. Akwai mai arha, wadda ake zura waya a cikin kwali ko roba, irin Cardboard da Google ya fitar a 2014. Ita juyawar kai kawai take ganewa. In mutum ya sunkuya ko ya matsa gaba, duniyar ce ke tafiya tare da shi. Akwai kuma irin Quest 2 na 2020 da Quest 3 na 2023, masu gane juyawa da matsawa, tare da sandunan hannu biyu. Bambancin babba ne. A ta farko kada ka taɓa sa abin da zai ja mutum ya leƙa ƙarƙashi ko ya miƙa hannu, domin ba za ta amsa masa ba.

Mataki na biyu: zana a ƙasa kafin ka kunna kwamfuta

Wannan ne matakin da na fi so, kuma shi matasa suka fi tsallakewa. Fita tsakar gida da igiya mai tsawon mita 2, da gawayi, da 'yan kwalaye. Ka kafa turke, ka ja da'ira. Ka tsaya a tsakiya, ka ɗauka a kan fuskar agogo kake, ƙarfe 12 na gabanka. Tsakanin kowace awa da 'yar'uwarta digiri 30 ne daidai. Daga ƙarfe 11 zuwa ƙarfe 1, nan ne filin da wuya ke juyawa ba tare da gajiya ba, kuma nan duk abu mai muhimmanci zai zauna. Daga 10 zuwa 2 za ka iya ajiye abin da ba kullum ake nema ba. Abin da ya wuce 9 da 3 kuwa, ka ɗauka babu wanda zai gan shi sai an kira shi da sauti.

Dalili kuwa shi ne, idon mutum a fili yana ɗaukar kusan digiri 200 daga gefe zuwa gefe, amma Quest 3 kusan 110 yake nunawa, kuma gefen gilashi bai kai tsakiyarsa fes ba. Kamar mai leƙe ta taga ne.

Ga ma'aunin da ba ya bukatar saye. Miƙe hannunka sosai: faɗin dunƙulen hannu kusan digiri 10 ne, babban yatsa kusan 2, ƙaramin yatsa kusan 1. Masu duban taurari da shi suke auna sama, kuma mu da sanarwar ganin wata ke fitowa daga garinmu ya kamata mu riƙe cewa wata a daren sha huɗu rabin digiri kawai yake ci a ido. Da wannan ma'auni za ka iya tsayawa a tsakar gida ka ce, allon nan dunƙule huɗu ne a faɗi, wato digiri 40, ya isa.

Sai tsayi. Mutum in ya saki jiki, idonsa ba ya kallon gaba sak, yana ɗan yin ƙasa da digiri 10 zuwa 15. To tsakiyar allonka ya sauka ƙasa da layin ido kaɗan, ka ɗan karkato fuskarsa sama kamar allon karatu a kan cinya. Ɗaga kai ya fi sunkuyar da shi wahala, balle da nauyin kusan rabin kilo a goshi. Sa yaro ya riƙe kwalin a wurin da ka zaɓa, ka kira wani ya karanta. Gyaran da za ka yi da gawayi cikin minti biyar, a kwamfuta yini zai ci maka.

Mataki na uku: nisa

Ido na yin aiki biyu idan zai kalli abu na kusa: ƙwayoyin biyu su karkato ciki, gilashin cikin idon kuma ya daidaita kansa. A fili tare suke tafiya. A tabarau kuwa gilashin na'ura ya riga ya tsayar da hoton a nisa guda, tsakanin mita 1 da 2, ba ya motsi. In ka kawo rubutu dab da hanci, ƙwayoyin za su karkato, gilashin ido kuma ya tsaya inda yake, daga nan ciwon kai ke farawa.

Saboda haka rubutun karantawa ya zauna tsakanin mita 1 da 2. Kada komai ya daɗe a ƙasa da rabin mita daga fuska, sai abin da mutum ya ɗauko da hannunsa da kansa. In allon na da faɗi, ka lanƙwasa shi ya bi da'irar da ka zana, don kowane gefe ya zama nisansa ɗaya da ido.

Mataki na huɗu: a jikin me allon zai rataya

Wuri uku ne. Ko a kafe shi a fili kamar allon makaranta, ko ya bi jiki kamar agogon hannu, ko ya bi kai. Na ukun shi ya kayar da dattijon nan. Abin da ke manne da fuska ba a iya kauce masa, ba a iya matsawa kusa da shi, kuma a duniya babu abin da ke yin haka sai ƙuda. Ka bar shi don gargaɗi na daƙiƙa biyu, kamar ƙarewar batir. In dole allo ya bi mutum, ya bi shi a hankali: ya tsaya cak har sai an juya da yawa, sannan ya biyo baya ya sake tsayawa.

Amma abin da ya fi duka, a ganina, shi ne ka rage allon ka mayar da umarni jikin abin da ake koyo. Maimakon rubutu can gefe yana cewa a duba mai, murfin man da kansa ya riƙa haske, murya ta fito daga wajensa. In an gama da shi ya mutu, murfin ruwa ya kama. Manomi ya san inji. Ba ya bukatar jerin zaɓi tsakaninsa da shi. Bayan mun yi wannan gyara, maɓallai uku kacal suka rage mana: maimaita, koma baya, fita. Mun sa su a wuyan hannun hagu, suna bayyana idan an juya tafi sama.

Mataki na biyar: rubutu, ƙugiya, ajami da murya

Lafiyayyen ido na rarrabe kusan ɗigo 60 a cikin digiri guda. Quest 2 kusan 20 yake bayarwa, Quest 3 kusan 25. Wato mai tabarau kamar mai raunin gani ne, kuma rubutun da ya yi maka kyau a kwamfuta zai dushe a ciki. Masu zane na Google sun fitar da wata ƙa'ida a 2017 da har yanzu nake aiki da ita: a nisan mita 1, girman rubutu ya kai milimita 24, maɓalli kuma 64 a kowane gefe. In nisan ya ninka, su ma su ninka. A mita 2 ke nan rubutu kusan santimita 5, maɓalli kusan 13. Ga tsofaffi ina ƙarawa a kan haka.

Zaɓi haruffa masu kauri marasa ado. Layi ya zama gajere, kalma biyar ko shida. Ka sa wa rubutu bango a bayansa, kada ya yi yawo a kan ciyawa ko sararin sama. Ka guji fari fat a kan baƙi wuluk, domin gilashin Quest 2 mai zobba ne, yana sa farin ya yi ta feshin haske. Toka mai duhu da fari mai ɗan sirki sun fi kwantar da ido. Kada kuma ja da kore su zama su kaɗai ke bambanta daidai da kuskure, akwai masu wahalar rarrabe su, yawanci maza. Haɗa launi da siffa da sauti.

Yanzu ga abin da ya shafe mu mu kaɗai. Yawancin haruffan da ke zuwa da kayan aiki ba su da ɓ, ɗ da ƙ. A Unity, ɗaya daga manhajojin gina irin wannan duniya, kayan rubutu na TextMeshPro sai an tara masa haruffan da zai yi amfani da su. In ba ka saka masu ƙugiya ba, manya da ƙanana, akwati zai fito a gurbinsu. Samfurin haruffa na Noto Sans da na Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Kada ka ce a bar ƙugiya ba komai. A manhajar koyar da inji, ƙara mai da kara mai ba ɗaya ba ne a idon mai karatu a hankali, kuma wanda ya ga harshensa a gurguje zai raina aikin gaba ɗaya.

A ƙasar Shehu da Nana Asma'u, akwai dattawa da yawa da ajami ya fi musu sauƙi a kan boko. Ajami daga dama yake farawa, haruffansa kuma suna sauya siffa gwargwadon inda suka faɗo a kalma, abin da kayan aiki da yawa ba sa yi daidai da kansu. Hanya mafi sauƙi: a sa mai kyan hannu ya rubuta 'yan kalmomin da wasullansu, a ɗauki hotonsu, a liƙa a matsayin hoto. In ka yi haka, ka juya tsarin allon ma, mataki na gaba ya koma hagu.

Murya kuwa ta fi duka biyun. Ka naɗi muryar mutum, da bakin mutanen da za su saurara. Manomin Goronyo ko Wurno in ya ji "wanga murfi" ya san da shi ake. Muryar ta fito daga inda kake son a duba, domin tabarau na iya sa sauti ya zo daga dama ko hagu, kai kuma yana bin kunne ba tare da an roƙe shi ba.

Mataki na shida: hannu

Hanya uku ake zaɓar abu. Akwai zaren haske da ke fita daga sandar hannu, don abin da ke nesa. Akwai taɓawa kai tsaye, don na kusa. Akwai kallo: a tabaran waya mutum ya tsayar da ɗigon tsakiya a kan abu na daƙiƙa ɗaya ko biyu har da'ira ta cika, a Vision Pro na Apple, da ya fito a 2024, ido ke zaɓa, haɗa yatsu biyu ke tabbatarwa. Ɗauki ɗaya ta zama babba, kada ka cakuɗa su a allo guda.

Tun 1954 Paul Fitts ya nuna cewa gwargwadon ƙanƙantar abu da nisansa, gwargwadon lokacin da hannu zai ɗauka kafin ya same shi. A iska abin ya fi tsanani, saboda hannu ba shi da tebur, yana rawa, kuma danna kunamar sandar na ƙara karkatar da zaren. To ka faɗaɗa wurin da maɓalli ke amsawa ya fi hotonsa girma, ka bar tazara tsakaninsu.

Kowane maɓalli ya amsa sau biyu: in an nuna shi ya yi haske ko ya ɗan taso, in an danna ya nutse, ya yi ƙara, sandar ta girgiza. Yatsa ba ya jin komai a iska, waɗannan ne madadin ji.

Kada ka sa mutum ya riƙa ɗaga hannu sama da kafaɗa. Gwada miƙa naka na minti biyu ka ji. Abin da ake yawan taɓawa ya zauna tsakanin cibiya da ƙirji, gwiwar hannu na kusa da jiki. Ka ba bahago damar sauya hannu. Ka kuma lura da tarbiyya: in wani mutum na cikin kwaikwayon zai miƙo kaya ko ya karɓa, da dama zai yi. Na ga wanda ya ƙi karɓar sifana don an miƙo masa da hagu.

Mataki na bakwai: motsi da jiri

Wanda ya taɓa karatu a waya cikin motar haya daga Sakkwato zuwa Gusau ya san yadda zuciya ke tashi. Can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke gaya wa ƙwaƙwalwa jiki na motsi. Ido kuma na kan waya yana cewa a tsaye ake. A tabarau akasin haka ne: ido ya ce ana tafiya, kunne ya ce ƙarya ne. Sakamakon ɗaya, jiri da zufa da tashin zuciya.

Dokar da ba ta da togiya: kada ka taɓa juya wa mutum kai. Hoto ya motsa idan shi ya motsa, ya tsaya idan ya tsaya, ko da a lokacin da manhaja ke loda wani sashe ne. In zai je wani wuri, ya nuna ƙasa ya danna, allo ya yi duhu kamar ƙiftawar ido, ya tsinci kansa a can. In zai juya a zaune, ya juya a tsinke, digiri 30 ko 45 lokaci guda, ba sulalewa ba. In tafiya a hankali ta zama dole, gudun ya zama ɗaya, ba ƙaruwa ba raguwa, kuma gefen hoton ya yi duhu yayin tafiyar. Layin da sama ta haɗu da ƙasa kada ya karkata. Ka ba mutum ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa kullum, ko da tabarma ce.

A gonar tamu mun cire tafiya gaba ɗaya. Inji, jarkar mai da bokitin ruwa duk suna inda hannu zai kai.

Sauri ma na cikin wannan babi. Tabarau na sabunta hoto sau 72 ko 90 a daƙiƙa, wato na'ura na da kusan kashi 14 ko 11 cikin dubu na daƙiƙa ta zana wa ido biyu. In ta makara, hoto ya yi tsalle, ciki ya juya. Saboda haka na cire ganyen albasar nan da nake alfahari da shi, na rage inuwa, na daina jera alluna masu shara-shara a kan juna, don suna cin ƙarfin na'ura sosai.

Mataki na takwas: ƙofar fita

Wanda ka rufe wa ido ya ba ka amana. Maɓallin fita ya kasance a wuri guda kullum. Ka nuna lokaci a wuyan hannu, domin a ciki mutum ba ya ganin inuwa, kuma ƙarar inji na iya danne kiran sallah. Darasi ya zama gajere, minti biyar zuwa goma ga sabon shiga, manhaja kuma ta riƙe inda aka tsaya. Shingen tsaron da na'ura ke zanawa a ƙasa kada ka kashe shi, kuma ka share fili aƙalla mita 2 a kowane gefe in a tsaye za a yi.

Mataki na tara: gini

Sai yanzu kwamfuta. Blender na ƙera siffofi kyauta. Wajen gina manhajar kanta, Godot kyauta ne, Unity da Unreal na da tsarin farawa ba biya. Wanda ya iya rubuta shafin intanet ya fara da A-Frame, yana buɗewa a burauzar tabarau. Ka gina a kan OpenXR, ƙa'idar bai-ɗaya da ta fito a 2019, don kada aikinka ya maƙale a na'urar kamfani guda. A Unity da A-Frame ma'auni guda mita guda ne; auna injin gaske da tef ka shigar da shi haka, in ba haka ba mutum zai ji kansa ƙato ko wada. Komai ya zauna a cikin na'ura, kada darasi ya dogara da intanet, domin a fadama za a yi shi. Kuma duk gyaran da ka yi, ɗaura tabaran ka gani. Allon kwamfuta ba ya faɗin gaskiyar girma.

Mataki na goma: gwaji da mutane

Nemo waɗanda ba su taɓa sakawa ba, tsoho da matashi, mace da namiji, mai gilashin ido da maras shi. Fara da daidaita tazarar gilasan. Quest 2 na da matsayi uku, milimita 58, 63 da 68, in bai dace da idon mutum ba komai zai yi masa biyu-biyu ya zargi kansa. Roƙi mai rawani ko doguwar hula ya cire in ya yarda. A kan hijabi igiyar na zamewa, sai a ɗaure da kyau, kuma mace ce za ta ɗaura wa mace.

Ka tura hoton zuwa waya don ka ga abin da yake gani, sannan ka yi shiru. Mutanenmu na da kara. In ka tambaya za a ce maka ya yi kyau, Allah shi yi albarka. Hannu da wuya za ka kalla: ina ya yi jinkiri, ina ya waiwaya yana nema, yaushe ya fara haɗiyar yawu. Akwai takardar tambayoyi da masana suka fitar a 1993 mai alamomi 16, ciki har da ciwon kai, gajiyar ido, gyatsa da zufa. Ka yi ta kafin a saka da kuma bayan an cire, don a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, kowa zufa yake tun kafin ya taɓa na'ura. Da safe ake gwaji, a inuwa, ba da yammacin azumi ba.

Rana maƙiyiyar tabarau ce: in ta faɗa kai tsaye a gilasan ciki, za su tattara ta su ƙona allon, kuma ba ya gyaruwa. Da an cire a mayar da shi jaka. Cikin hunturu a hure ƙura tukuna kafin a goge da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba ta karce gilashi. A sa murfin roba a inda ke taɓa fuska, a goge shi tsakanin mutum da mutum. Batir awa biyu ne ko ɗan sama, ka tsara yinin a kan haka.

Dattijon nan ya yarda ya dawo bayan mun gyara. Ya duba mai, ya cika famfo, ya buɗe fetur, bai nemi taimako ba. Da ya zo jan igiya sai ya ɗaga ƙafa zai taka gindin injin, kamar yadda yake yi a gona don kada ya biyo shi, ƙafar ta faɗa iska, ɗansa ya riƙe shi. Babu wanda ya kawo wannan a ransa a cikinmu. Yanzu muna ajiye bulo a daidai wurin da gindin injin yake, kuma muryar na cewa, "Baba, taka nan, sannan ka ja."